Tutar Kakana a Barandar Aziziyya

Shekarar da aka rushe unguwarmu ta kudancin Jidda, Baba ya dawo wurina a unguwar Aziziyya, a nan cikin Jidda, da akwati ɗaya da buta da sanda. Inna ta riga ta rasu, ƙannena mata suna gidajen mazajensu a Makka, ni ne babba, don haka ba a tsaya wata shawara ba. Na ba shi ɗakin da ke da baranda a hawa na uku, saboda ya ce ba ya iya zama inda ba ya ganin titi. Wata bakwai muka yi lafiya. Ranar ɗaya ga Zulƙida na dawo daga aiki da azahar, na ɗaga kai daga inda nake ajiye mota, sai na ga tutar tana lilo a jikin ƙarfen barandar.

Bari in faɗi kamanninta, don yawancin masu karanta wannan ba su taɓa ganinta ba. Shuɗiya ce, ko da yake rana ta cinye shuɗin ya koma toka-toka. A kusurwar sama akwai tutar Ingila da gicciyenta. A gefe akwai jan da'ira, cikin da'irar akwai koren tauraro mai tsini shida, irin wanda ke jikin tsohon kwabo mai huji, cikin tauraron kuma kambin sarauta. Ita ce tutar Nijeriya a zamanin mulkin Turawa.

Ta kakana ce. Shi a ƙafa ya taho daga ƙasar Hausa, yana tafe yana tsayawa noma a gonakin mutane, har ya iso bakin teku ya ƙetaro. Da ya sauke farali bai koma ba. Ya sami aiki a tashar jiragen ruwa wurin wani wakilin alhazai, aikinsa shi ne tarbar mutanenmu idan jirgi ya tsaya. A wancan lokacin mutum zai sauko a jigace, ba ya jin Larabci, ga jama'ar duniya ko'ina, kowa na ihu da yarensa. Sai kakana ya ɗaga wannan tuta a kan gora, duk wanda ya gane ta ya biyo shi. Daga baya ya riƙa rataya ta a ƙofar gida daga farkon Zulƙida har alhazai su watse, domin wanda ya ɓata a gari ya san inda zai ƙwanƙwasa a amsa masa da Hausa.

Da aka sami 'yancin kai aka sake tuta, kakana bai sauke tasa ba, kuma yana da hujja. Mutanen da ke isowa a ƙafa sun yi shekara bakwai, wasu goma, a hanya. Sun bar gida ƙarƙashin tsohuwar, sabuwar ba su taɓa ganinta ba. In ka ɗaga musu kore da fari sai su wuce ka. Haka aka ci gaba har masu tafiyar ƙafa suka ƙare, kakana ya rasu, Baba ya gaji ratayawar. A tsohuwar unguwarmu ba mai ɗaga kai ya dube ta. An san ta kamar yadda aka san tankin ruwan da ke kan rufinmu.

Aziziyya ba haka take ba. Kwana biyu da ratayawar, mai gadin benen ya tare ni a ƙofar shiga, ya sassauta murya. Ya ce wani daga cikin mazauna ya ɗauki hoton barandar ya tura a zauren wayar da muke ciki duka, kafin ya tura kuma ya cire ni daga zauren. Ya nuna mini. An zagaye gicciyen da jan layi, an zagaye tauraron, a ƙasa an rubuta tambaya ɗaya: wa ke zaune a hawa na uku? Ya ce maganar ta kai ofishin wakilin mai gida.

Yarjejeniyar hayata za ta ƙare a ƙarshen Zulhajji, saura wata biyu ke nan. Na sha wuya kafin in sami gidan. Bayan rusau mutane sun yi yawa, gidaje sun yi kaɗan, kuma akwai ofisoshin hayar da in sun ji Larabcina a waya sai su ce in zo yanzu, in sun ga fuskata da iƙamata sai su ce an riga an kama. A garin nan aka haife ni, a nan aka haifi Baba, amma dukanmu da iƙama, wato takardar zama ta baƙi, muke yawo. Ga matata, ga 'ya'ya mata uku da makarantarsu ke bayan layinmu. In aka ƙi sabunta mini, ban san inda zan kai mutum shida ba.

Na sami Baba yana shan shayi, ƙofar barandar a buɗe. Na ce masa maƙwabta sun yi ƙorafi.

Ya ce, "A kan me?"

Na ce a kan gicciye da tauraro.

"Ka ce musu hatimin Annabi Sulaimanu ne. In ba su san shi ba, su tambayi malaminsu."

"Baba, ba za su tambaya ba. Wakilin mai gida za su tambaya."

"Ya waladi, ɗana, wata biyu ne kawai. Alhazai na tafiya zan sauke. Ubana bai taɓa tsallake shekara ba, ni ma ban taɓa ba. Halas, magana ta ƙare."

Na ce masa alhazan yanzu a jirgin sama suke zuwa, da abin hannu mai lamba da motocin da ke jiransu, ba wanda zai ɓata har ya zo Aziziyya yana duban barandu. Ya ce ya sani. Ya ƙara shayi.

Ranar Juma'a Baffa ya zo cin abinci kamar yadda ya saba. Baffa aminin Baba ne tun suna yara, Bafillace ne dogo siriri, bayan rusau ya kama ɗaki ɗaya a unguwar Mahjar. Tun daga ƙofa ya hango barandar.

Ya ce, "La'ilaha illallahu. Har nan ka biyo mu da zanen Nasara?"

Baba ya ce, "Ku da kuka guje mata, ba ga shi ta riga ku isowa ba?"

"Kakannina sun bar shanu, sun bar gonaki, sun yi hijira gabas don kada su kwana ƙarƙashin wannan tsumman. Shekara nawa muna Sudan. Ranar da ubana ya sauko daga jirgi, wa zai gani? Ubanka, yana kaɗa masa ita a fuska kamar ɗan sandan Bature."

"Me ya yi da ya gan ta?"

"Ya tofa mata yawu."

"Sannan?"

Baffa ya zauna, ya ja farantin gabansa. "Sannan ya bi ta. Yunwa yake ji."

"To ka ji. Tuwon gidanmu ka ci ka girma, har yau wuyanka bai yi kauri ba. Yalla, ci, ɗan gudun hijira."

Suka yi dariya. Shekara sittin suna wannan faɗan, kowanne ya haddace layinsa. Ni ban yi dariya ba, ina lissafin kwanakin da suka rage.

Sana'ata karanta labarai ce a sashen Hausa na wani gidan rediyo. Wani tsohon edita Bakano ne ya horar da ni, ya kankare mini Larabcin da ke cikin Hausata, ya koya mini kada in faɗi abin da ban tabbatar ba, kuma kada in bar jimla ta yi tsawon da numfashi ba zai ɗauka ba. Na sha karanta labarin wasu ƙasashe inda ake rikici a kan tutar da ta mutu. Jimlar da muke rubutawa ba ta canzawa: masu ratayawa na cewa tarihin iyayensu ne, masu suka na cewa alamar zalunci ce. Daƙiƙa ashirin, sai labari na gaba. Na san a cikin masu ratayawa akwai waɗanda don su tsorata maƙwabci suke yi, na kuma san wanda ke tsaye a titi ba shi da hanyar gane wane iri ne ke zaune a sama. Ban ga laifin wanda ya ɗauki hoton ba. Har yau ban gani ba.

Sai na shirya wa Baba rahoto. Kwana uku ina karatu ina tsarawa, kamar zan shiga ɗakin watsa shiri. Bayan abincin rana na zauna gabansa na fara. Na faɗa masa yadda aka ci ƙasar da bindiga mai ruwa, da garuruwan da aka ƙone, da harajin da aka ɗora wa talaka, da mutanen da aka kwasa aikin dole a hanyar jirgin ƙasa da ramukan kuza. Na ce duk wannan ƙarƙashin wancan kambin aka yi. Na ce mutumin da ya san haka ba ya rataya ta a ƙofarsa. Ban yi kuskure ko ɗaya ba, ban ɗaga murya ba.

Ya saurara har na gama. Sannan ya ce, "An gama labarai? To a karanto mana yanayin sama."



Ya ci gaba, "Kakanka yana da tabo uku a baya. Na gan su duk ranar da ya tuɓe riga zai yi wanka. A hanyar jirgin ƙasan da ka karanta ya same su, su ne ma suka sa ya bar gida. Kana ganin bai san ta wace ce ba? Ya fi ka sani, a jikinsa aka rubuta masa. Bai ɗaga ta don yana sonta ba. Da ita ake ganinmu, shi ke nan. Mutum ya sauko jirgi ba shi da kowa, ya hango ta, ya san akwai nasa a garin nan."

Na ce yanzu ba mai gane ta.

"Ni ina gane ta. An rushe gidan da aka haife ni. An rushe masallacin da na yi sallar fari. In na je wurin yau ban san inda ƙofarmu take ba, fili ne fetal. Abin da ya rage da zan nuna in ce mun daɗe a nan, shi ne kake so in naɗe saboda wani ya ɗauki hoto."

Maganar ta ba ni haushi fiye da in da ya zage ni.

Washegari na je ofishin wakilin mai gida. Mutum ne mai fara'a, ya sa aka kawo gahawa. Na yi masa bayani da Larabcin da ya fi nasa kyau: tutar wace ƙasa ce, yaushe aka daina amfani da ita, me tauraron yake nufi a wurinmu. Ya ce ya yarda da ni ɗari bisa ɗari. Ya ce amma gidaje ashirin da huɗu ne a benen, shi ba malamin tarihi ba ne, ba zai bi ƙofa-ƙofa yana bayani ba. Ya ce mai gida ba ya son a riƙa kiran sunan gininsa a cikin irin wannan magana. Bai ce ba zai sabunta ba. Cewa ya yi, idan lokacin ya zo za a duba. Na daɗe a garin nan, na san abin da ake nufi da za a duba.

A hanyar dawowa na biya kasuwar Balad na sayi ƙaramar tuta kore da fari. Na kai wa Baba na ce a musanya, ai ƙasa ɗaya ce. Ya juya ta a hannu ya ce kyakkyawa ce, a ba yara su kai makaranta. Ya ce shi bai taɓa taka ƙasar ba, ba wanda ya taɓa bin wannan zuwa gidanmu, bai san me zai ce mata ba.

Ranar sha biyu ga wata Baba ya fita sallar La'asar. Yana tafiya a hankali, kuma yakan tsaya hira, na san ina da kusan awa guda. Na shiga ɗakinsa na fita baranda. Ya ɗaure igiyar da ƙullin ma'aikatan tashar jirgin ruwa, wanda in ka ja shi sai ya ƙara tsukewa, sai wanda ya san bakin da ake turawa ne ke iya kwance shi. Kakana ya koya wa Baba, Baba ya koya mini. Na kwance kusurwa huɗun cikin minti ɗaya, na naɗe tutar, na sauka na sa ta a bayan mota ƙarƙashin tayar safaya. Igiyoyin na bar su a jikin ƙarfe.

Da ya dawo na tare shi a falo. Na ce mutanen hukuma sun zo. Na ce su biyu ne, a farar mota, ɗaya yana riƙe da takarda. Na ce sun yi magana da ladabi, sun ce an kai ƙara, sun ɗauke ta sun tafi. Na tsara ƙaryar yadda aka koya mini tsara gaskiya: wa, yaushe, a ina, ba ƙari.

Na ga hannunsa ya tafi aljihun gaba inda iƙamarsa take. Shekara tamanin, kuma har yau in ya ji kalmar hukuma hannunsa can yake zuwa.

Ya ce, "Sun rubuta suna?"

Na ce a'a.

"Naka fa?"

Na ce ba su rubuta na kowa ba.

Ya shiga ɗaki. Ta ƙofa na hango shi tsaye a baranda, ya daɗe yana duban ƙarfen. Ya dawo ya ce, "Ɗayyib, to shi ke nan," ya zauna.

Kwana uku yana cin abinci yana gode wa matata, yana amsa gaisuwar yara, ni kuma in na yi magana sai ya ce to. Rana ta huɗu da hantsi na ga akwatinsa a bakin ƙofa. Ya ce zai je ya ɗan zauna wurin Baffa a Mahjar, an yi masa ƙaramin wuri. Na ce don me. Ya ce iskar can ta fi. Na ce in kai shi, ya ce ya riga ya kira tasi.

Na ɗauka tsoro ne. Na ɗauka yana ganin zamansa zai jawo mini fitina, ya janye don ya kare ni. Hakan ya dame ni, amma akwai daɗi a cikinsa, domin yana nufin har yanzu ni ɗansa ne da yake karewa. Na ce a raina in an sabunta hayar zan je in lallashe shi ya dawo.

Bayan mako biyu na kai musu kayan abinci. Baffa ne ya fito, ya jawo ƙofar a bayansa, muka tsaya a lungu cikin zafin rana.

Ya ce, "Kai, ɗan rediyo. Ina ka ajiye ta?"

Na ce me.

"Kada ka karanta mini labarai, ni ba mai sauraro ba ne. Ya ce da ya fita baranda ya ga igiyoyi huɗu a kwance, tsaf, ba wadda aka yanke. Wane ma'aikacin hukuma ne zai tsaya yana kwance ƙulli? Wuƙa yake sawa. Kuma wannan ƙullin mutum nawa ne suka iya shi a Jidda?"

Na ce masa gida nake ƙoƙarin ceta.

"Na sani. Shi ma ya sani. Ni da na tsani tsumman nan tun kafin a haife ka, da ka gaya mini da na zo na sauke ta da hannuna a gabansa, mu yi faɗa mu shirya. Je ka ɗauko."

Na ɗauko ta daga mota, tana warin roba. Ɗakin ƙarami ne, katifa biyu da fanka da taga ɗaya mai kallon bangon wani sito. Baba na zaune a kan tasa katifar. Na durƙusa na ajiye tutar a gabansa na ce ya yafe mini.

Ya ce, "Na yafe."

Na ce to ya dawo gida.

"Da ka zo ka ce, Baba, gidana ne, na sauke, da na yi fushi kwana biyu na huce. Ni ma na riƙe iyali, na san abin da haya take. Amma hukuma ka kawo mini har cikin ɗaki. Ka san tun ina ƙarami nake jin tsoronsu, ka sha ganin yadda nake yi in mota ta tsaya a ƙofa. Ka duba duk abin da ke jikina, ka zaɓi wannan ka yi aiki da shi."

"Baba, ban yi tunani ba."

"Ka yi. Kai ba ka magana sai ka yi tunani, sana'arka ce. Har farar mota ka sa."

Ya ɗauki tutar bai buɗe ta ba, ya tura ta bayan akwati. Ya tambayi yara, ya tambayi matata, ya ce in gaishe su. Ya ce Baffa ya raka ni, rana na yi.

Bai dawo ba. Ina zuwa duk Juma'a, yana karɓata da fara'a, muna hirar zafi da tsadar kifi. Duk abin da na faɗa masa, ko da cewa an yi ruwa a garin Ɗa'if ne, sai in ga ya ɗan dubi Baffa kafin ya amsa.

A ƙarshen Zulhajji na koma ofishin wakilin. Takardun na kan tebur, an riga an buga su. Ina neman wurin sa hannu na ce masa an sauke tutar tun sha biyu ga Zulƙida. Ya ɗago kai ya ce wace tuta. Na tuna masa. Ya yi dariya, ya ce wallahi ya manta, ai wanda ya yi ƙorafin an yi masa canjin wurin aiki, ya tashi tun kafin sallah, sauran kuma ba wanda ya sake tayar da maganar. Ya tambaye ni mutum nawa ne a gidan, don a cike gurbin.

Na ce biyar.

Ya rubuta, ya juyo mini takardar, na sa hannu.